Babi na Bakwai: Ruwan da Ke Kaiwa Bazara

A shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne cikin zafi. A 2024 an yi ta ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris, kuma da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, za a ɗauki 'yan shekaru hutun Sallah yana yawo tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara. Lokacin ne 'yan Tambuwal da Kebbe mazauna Sakkwato da Abuja da Legas ke cika mota su yo gida da iyali. In an gama gaishe-gaishe, an ci tuwon Sallah, sai yara su tasa iyaye gaba: a kai su bakin ruwa, su shiga kwalekwale, su ga yadda ake su. Uba kuma, wanda har yanzu ruwan ƙuruciyarsa ne a idonsa, sai ya ce wuri kaza za mu. A isa a tarar da fako, ƙasa ta daddare, babu komai sai sawun shanu da ya bushe cikin laka.

Mai yawon Sallah hasararsa kuɗin mai ce da ɓacin ran yara. Amma tambayar da bai yi ba kafin ya taso, ita ce Bafulatani ke kwana da ita tun watan Janairu. Ita ce ke ran masunci, ita ce ke ran manomin da ya dasa albasa a makare: wane ruwa ne zai kai mu damina?

A kudancin jihar Sakkwato damina gajeriya ce. Yawancin ruwan yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ya fi kowane wata, kuma in an tara na shekara duka bai kai mita ɗaya ba. Abin da rana da iska ke iya kwashewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara kuwa ya haura mita biyu. Daga Oktoba har zuwa Mayu ba a ƙara wa tafki komai, ragewa kawai ake yi. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shan ruwa ko da ana sanyi. In Maris da Afrilu suka zo, zafi ya haura digiri 40, tafki kan rasa abin da ya kusa santimita guda a yini, ban da wanda dabbobi suka sha, da wanda ƙasa ta tsotse, da wanda injin ban-ruwa ya ja. Don haka tafkin da ke kai wa mutum ƙugu a Disamba, da wuya ya ga ƙarshen Afrilu, komai faɗinsa.

Faɗi shi ne ya fi ruɗin baƙo. Zuba ruwa iri ɗaya a faranti da tulu ka ajiye a tsakar gida: na faranti zai bushe kafin na tulu ya ragu da rabi. Fadamar da ta yi shimfiɗa a kaka, har ba ka hangen ɗaya gefen, sau da yawa ita ke fara ƙafewa, yayin da wani ɗan siririn tafki mai gaɓa tsaye, wanda ba wanda ya kula da shi a Oktoba, ke riƙe da kifi har saukar ruwan fari. Wanda ke neman ruwa a ƙarshen rani, zurfi zai tambaya tun farko.

Bayan zurfi sai ƙasan tafkin. Baƙar laka tana riƙe ruwa, yashi yana sake shi. Sai dai yashi ba ya zubar da shi gaba ɗaya, ɓoye shi yake yi. Shi ya sa a tsakiyar gulbin da ya tsaya da gudu za ka ga mata sun tona rami kamu biyu ko uku, sun zauna da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsattsafo, garau da shi, mai sanyi. Makiyayi ya san wannan, yana iya shayar da garke a gulbin da baƙo zai rantse ya mutu. Mai son ganin ruwa da idonsa kuwa, wannan bai yi masa amfani ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci, a ganina, shi ne inda tafki ke samun ruwansa. Akwai wanda ruwan sama kawai ke cika shi, irin kududdufan bayan gari da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Waɗannan su ne na farkon tafiya. Akwai wanda gulbi ke cikawa idan ya yi ambaliya ya tsallake gaɓa, ya koma ya bar ruwa a tsohuwar hanyarsa. Akwai kuma wanda ke da maɓuɓɓuga a ƙarƙashi. Tafkin Kware da ke arewa da birnin Sakkwato irin na ukun ne, ruwa na fito masa daga cikin farar ƙasar yankin, shi ya sa rani ba ya gamawa da shi. Tafkin Kalmalo na wajen Illela kuwa, wanda dattawa ke ba da labarin kifinsa da tsuntsayensa, ya ja da baya ƙwarai a 'yan shekarun da suka wuce. Sunan yana nan da girmansa a bakin mutane, ruwan ne ya ragu.

Jijiyar wannan yanki ita ce Gulbin Zamfara. Ya ratso ta Anka da Gummi, ya bi ta ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato kudu maso yamma da Birnin Kebbi. A can gabas, inda yake bi ta kan duwatsu, gulbi ne na damina: ruwa na ɗaukewa gudu ya tsaya. Da ya shigo ƙasa mai yashi da laka ta yamma sai ya fara samun taimako daga ruwan ƙarƙashin ƙasa, fadamarsa ta buɗe. Wannan fadamar ce ta sa ake jin sunan Kuchi a harkar shinkafa, kamar yadda a ƙasar Tambuwal ake jin sunan Romo in ana zancen su. A ƙarshen rani gulbin kan rabu gida-gida, ruwa ya tattaru a wuraren zurfi. Wuraren nan ba a ɓoye suke ba ga wanda ya san dubawa. Duk inda gulbi ya yi kwana, gefen waje, inda ruwa ke cin gaɓa har saiwar itatuwa ta fito fili, nan ne zurfi yake. Gefen ciki yashi ne ke taruwa.

Duk da haka tafkin da ya kai Afrilu bara ba dole ne ya kai bana ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ruwan bazara tun daga Agusta da Satumba ake gane shi. Yawan ruwan sama kaɗai bai isa ba, abin dubawa shi ne ko gulbi ya tsallake gaɓa ya shiga tafkuna, da kuma tsawon kwanakin da ya yi a ciki. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar Kebbi da kudancin Sakkwato, a 2022 kuma ta game kusan ƙasar nan duka. Manoma sun yi kuka, kuma kukansu na gaskiya ne. Amma irin wannan ambaliyar ce ke cika tafkuna har baki, ta ba kifi fili ya yi ƙwai cikin ciyawa, ta bar wa shanu burugu. Shekarar da gulbi ya wuce cikin gaɓarsa lami lafiya, ita ce shekarar da masunta ke naɗe koma da wuri.

Hannun mutum ma ya shigo cikin lissafin. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a kan Gulbin Rima a 1984. Tun daga nan ambaliyar da ke sauka fadamun da ke ƙasa da su ta ragu, lokacinta kuma ya koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa, kifi ya ragu, noman shinkafar fadama ya samu naƙasu. Sannan ga injin ban-ruwa. Tun shirin Fadama na shekarun 1990 ƙananan injina da rijiyoyin bututu suka bazu, kuma bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa. Wannan alheri ne, ya sa kuɗi a aljihun talaka, ya rage tafiya cin rani. Sai dai tafkin da injina ashirin suka sa wa baki ba zai yi kwanan da ya saba yi ba, kuma mutumin da ya bar gida shekara ashirin ba ya sa wannan a lissafinsa.

Ko Argungu, da duk sunanta, ba ta tsira ba. Bikin sun da ake yi a Matan Fada, wanda ya samo asalinsa na yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana sa shi ne a Fabrairu ko Maris saboda dalili. Ana son ruwa ya ja har kifi ya taru wuri guda, mutum da homa da gora ya iya cim masa, amma kada ya ja har ya zama taɓo. Tazarar da ke tsakanin biyun 'yan makonni ce. A 2005 an kamo giwan ruwa mai nauyin kilo 75. Shekarar da ta biyo, 2006, aka hana shiga sun saboda ruwa ya yi ƙasa. Bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, wanda ya dawo a Maris na 2020 bayan shekara goma ba a yi ba, har gobe yana jiran abin da gulbi ya ce.

Wanda ya isa bakin tafki yana iya karanta shi da kansa in ya tsaya ya duba. Gaɓa tana da zobba-zobba na busasshiyar laka, kowane zobe inda ruwa ya tsaya ne kwanakin baya. In zobban sun yi nisa da juna, ruwan gudu yake yi. Dubi tsuntsaye. In ka ga zalɓe tsaye a tsakiyar tafki ruwa bai rufe ƙafarsa ba, ba sai an gaya maka zurfin ba. In belbela da zalɓe sun yi cincirindo wuri guda suna ta sara, kifi ne ya matsu, kwanakin wurin sun ƙare. Ruwan da ya koma kore shar, yana ɗan wari, da asuba kuma karfasa na tasowa sama tana buɗe baki, ruwa ne da ya ɗumame iskar cikinsa ta yi ƙaranci. A irinsa tarwaɗa ce ke jurewa, don tana iya shaƙar iska daga sama. Gaiwa kuwa ba ta jiran ƙarshe: takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har damina. Za ka ga yaro da fartanya yana bin busasshen tafki yana duba ƙananan ramuka, ya sara, ya ɗago dunƙulen laka, ya fasa, sai ga kifi a naɗe da ransa.

Duk wannan karatun bai kai tambayar mai wuri ba. Kowane ruwa mai suna yana da Sarkin Ruwa ko dattijon masunta da ke faɗin ranar da za a buɗe su da ranar da za a rufe. Ka same shi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata: "Sannu da hutawa, Baba. Yaya ruwan bana?" Zai fara da "Sai godiya, ɗana," domin ba a kushe ruwa. Ka yi haƙuri ka zauna. A cikin hira ne zai gaya maka ko an riga an yi sun tafkin, ko akwai kada, ina ne laka ke kama ƙafa, da wane gari ya kamata ka nufa in nan bai yi ba. Yanzu da waya ta game ko'ina, wannan tambayar tun kana Abuja za ka sa ƙaninka ya yi maka ita, ya ɗauko hoton ranar ya turo.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a can Turai akwai miliyoyin mutane da ke wannan lissafin a watanni iri ɗaya, sai dai su a kan dusar ƙanƙara. Masu wasan zamiya a kan ƙanƙara suna samun hutun Ista a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, daidai lokacin da dusar ke narkewa a tsaunukan Alps. Su ma sun gano cewa sunan wuri ba ya hana narkewa. Abin da suke fara tambaya shi ne tsayi, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Shi ya sa Val Thorens a Faransa, wanda ke kan mita 2,300, yake kaiwa farkon Mayu a buɗe, alhali wuraren da ke ƙasa sun rufe tun Maris. Sai su tambayi inda gangaren ya fuskanta: wanda ya kalli arewa rana ba ta dukansa sosai, yana riƙe dusa, wanda ya kalli kudu yana saurin zama taɓo. Wasu kuma su nufi inda ke da daskararriyar ƙanƙara mai shekaru aru-aru, kamar Zermatt a Suwizalan ko Hintertux a Ostiriya, wadda ita ce maɓuɓɓugarsu. Har sa'ar fita suna dubawa. Da sassafe dusar ta daskare ta yi tauri, da hantsi ta yi laushi daidai, bayan azahar ta jiƙe ta yi nauyi, sai a koma masauki. A nahiyarmu ma ana wannan wasa: a Oukaimeden cikin tsaunukan Atlas na Maroko, sama da mita 2,600, inda ƙarancin dusa ke gajarta lokacin a shekaru da dama, da kuma Afriski a Lesotho, inda sanyinsu ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta.

Hamadar da ke turo mana hazo a hunturu tana da hannu a can ma. Iska kan ɗauki ƙurar Sahara ta tsallake Bahar Rum ta zube a kan Alps. A Maris na 2022 dusar ta koma launin jar ƙasa. Farar dusa tana mayar da hasken rana, mai ƙura kuwa tana shan zafi ta narke da wuri. A wannan shekarar daskararriyar ƙanƙarar Suwizalan ta rasa kashi 6 cikin ɗari na girmanta, a 2023 ta sake rasa kashi 4. Su ma dattawansu suna nuna wa jikoki inda ƙanƙara take kaiwa a da.

Bambancin da ya dame ni ɗaya ne. Bature kafin ya biya kuɗin masauki yana buɗe waya ya ga zurfin dusa a gindin dutse da a kansa, na safiyar ranar, da na ranar irinta bara da bara waccan. Mu kuwa hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya, amma duka biyun zancen zuwan ruwa suke yi. Ruwan da ya rage a tafki a watan Maris, wanda a kansa ne makiyayi da manomi ke haɗuwa har a kai ga faɗa, yana cikin kan dattawan masunta ne kawai, kuma dattawan nan tafiya suke yi.

Kafin a rufe wannan babi, dole a yi maganar haɗari, domin mutane kan saki jiki da ruwan rani. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A tsakiyar bazara ke nan. Ruwan da ya rage a wannan lokaci na wuraren zurfi ne, gaɓarsa tsaye, ƙasansa laka. Yaron birni da bai iya iyo ba, taku biyu ya ishe shi. Kada a cika jirgi, kada a sa yaro ba rigar ruwa, kada a shiga bayan la'asar sakaliya. Kwantaccen ruwa kuma gidan tsargiya ne, wadda ke shiga ta fata lokacin wanka, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Kurkunu, wanda a 1988 aka ƙirga mutum sama da 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya, daga shan irin wannan ruwa yake. An yi nasara a kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar nan a 2013, amma gudawa da taifot suna nan. A tafi da ruwan sha daga gida. A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take. A kuma tambayi lafiyar hanya, musamman wajen dazukan da suka yi iyaka da Zamfara, domin yanzu ba kowane bakin gulbi ake zuwa ba.

Abin da nake roƙon ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ba mai tsada ba ne. A kafa sandar awo mai lamba a kowane babban tafki da kowane mashigin gulbi. A ba Sarkin Ruwa littafi da ɗan alawus, ɗansa ɗan makaranta ya riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya kowace Juma'a daga Oktoba zuwa Yuni. A riƙa karanta lambobin a gidan rediyon Rima da Hausa da Fulatanci. Cikin shekara biyar makiyayi zai san inda zai dosa tun kafin shanunsa su rame, manomi zai san ko ya dasa albasa zagaye na biyu ko ya haƙura, hakimai kuma za su san ranar da ya dace a tsayar da injina a bar wa dabbobi sauran. Masu wakiltar yankin a majalisar jiha, ku sa wannan a kasafin kuɗin baɗi.